Jinjina ga Masu Bin Ƙauyuka Saboda Cutar Noma

Daga Amarawa, a bakin iyakar Illela da Birnin Konni, uwa ba za ta ɗauki yaro zuwa Sakkwato don dasashinsa ya kumbura ba, sai in wani ya taɓa faɗa mata abin da kumburin kan zama. Masu faɗar nan nake yi wa jinjina: ma'aikatan wayar da kai na Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014.

Aikinsu akwai wuya. Noma tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Daga gyambon dasashi da warin baki take farawa, cikin kwanaki ta cinye kunci, leɓe, har ƙashi. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba sukan mutu, alhali in an fara da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. Dole ma'aikatan su nuna hoto mai tayar da hankali ba tare da sun kori mai kallo ba, su kuma kawar da zargin iska ba tare da sun raina iyaye ba. Wannan gwaninta ce, wallahi.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci roƙon.