Hawa Don Kallo: Daga Lambun Sarakuna Zuwa Bakin Tabkin Madarunfa

Idan dawa ta fitar da kai ta fara ƙosawa, a gonakin fadama za ka ga wata ƴar rumfa mai dogayen ƙafafu. Gwafanni huɗu ne aka kafa, aka gitta itace, aka shimfiɗa kara, wani lokaci a yafa guntuwar zana a sama saboda rana. Yaro ne a kanta, da majajjawa a hannu, ga igiya an ja ta har ƙarshen gona an rataya mata gwangwanaye. Da jan-baki sun sauko sai ya fizgi igiyar, ya bi da ihu, gona ta kaure da ƙara. Daga saman nan yana hangen komai: kan kuka, hayaƙin ƙauye, mai keke a kan hanya. Amma ba don kallon aka ɗora shi ba, kuma idan ya shagala da shi zai ji a jikinsa da yamma.

Da wannan rumfa nake so mu auna wani nau'in gini da sarakunan wasu ƙasashe suka ɓata dukiya a kansa: ɗakin shan iska da ake ɗagawa sama a tsakiyar lambu, ba don kwana ba, ba don ajiya ba, sai don a zauna a yi kallo.

A Lahor, cikin ƙasar Pakistan ta yau, sarki Shah Jahan ya sa aka yi lambun Shalimar a wajajen 1641. Hawa uku ne, ruwa na gangarowa daga wannan zuwa wancan, a bakin hawan sama kuma aka kafa rumfa mai ƙofofi ta kowace fuska, irin wadda suke kira baradari, wato mai ƙofa goma sha biyu. A Istanbul, Sultan Murad na Huɗu ya gina ɗakin Bagadaza a lambun fadar Topkapi a 1639, don tunawa da cin birnin Bagadaza. Ɗakin yana kan dandamali yana kallon ruwa. Turawa sun zo daga baya suka kwaikwaya, har da wuce gona da iri: a lambun Kew na Landan, William Chambers ya kammala wata hasumiya irin ta Sin a 1762, hawa goma, tsawonta ya kusa mita 50, ba ladan ba mai gadi. Abin dariya ma, sunan da Turkawa ke kiran irin wannan ɗaki, köşk, shi Faransawa suka ara ya zama kiosque. Yau a Maradi idan ka ji kalmar, ɗan shagon bakin titi ake nufi. Daga lambun sarki zuwa sayar da katin waya!

To mu fa? Ba a rasa mu da lambu ba, ba a kuma rasa mu da gwanintar gini ba. Gidan Rumfa na Kano, wanda ya samo sunansa daga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), yana da lambuna a cikinsa da ake kira sheka, kuma sarakunan Kano na da gidajen fita a wajen birni irin su Fanisau da Ɗorayi. Maginan da suka iya ɗaure bakan gizo da azara, suka ɗora bene a kan soro da tubali da makuba, ba ƙaramar rumfar ado ce za ta gagare su ba. Sai dai ka duba abin da Bahaushe ke ɗagawa sama. Hasumiyar Gobarau a Katsina, mai kimanin mita 15, ta kiran salla ce, an kuma yi hangen mahara daga kanta. Rumbu ana ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da danshi. Garin Maradi kansa da can a kwari yake tun zamanin da Katsinawan da jihadi ya kora suka zauna a can. Ambaliyar 1945 ce ta hau da shi tudu. Ko kwanan saman soro da bazara, zafi ne ya kori mutum. Kullum akwai dalili, kuma dalilin ba nishaɗi ba ne.

A ganina babban abin da ya hana mu irin wancan gini shi ne kunya. Gidan Bahaushe sama a buɗe yake. Tsakar gida nan ake daka, nan ake girki, nan ake wanka a bayan danga, nan mace ke ajiye mayafinta. An yi zaure an karkatar da ƙofarsa don kada idon baƙo ya wuce ciki. To wane amfani zauren zai yi idan maƙwabci ya kafa wurin zama a sama? Shi ya sa magini ko mai gyaran indararo, kafin ya taka tsani, sai ya ɗaga murya ko ya aika yaro maƙwabta a ce za a hau sama, mata su kimtsa. Malaman Malikiyya ma sun hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan wani. Wanda ya hau sama kawai don ya more ido, a wurinmu sunansa mai leƙe, kuma ba yabo ba ne.

Saboda haka hutawarmu ta sauko ƙasa. Inuwa muke nema, ba tudu ba: gindin bedi, dakali, tabarma a rumfar ƙofar gida. Adon kuma ya koma jikin bango inda kowa zai gani yana tafe, kamar zanen gidajen unguwar Birni a Damagaram, da zankwaye a kan rawanin soro. Sarkin waɗancan ƙasashe ya gina don ya kalli duniya daga sama. Namu ya gina don a kalle shi daga ƙasa, shi kuwa a zaune yake.

Madarunfa ce ta sa na dawo da wannan magana, ba don kunne na jin "rumfa" a sunanta kaɗai ba. Garin na kudu da Maradi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, kuma yana da abin da Shah Jahan ya kashe dukiya yana ƙirƙira: ruwa, itatuwa, tsuntsaye. Tabkin na cika da damina, ya ja baya da rani a bi sawunsa da shuka. Da sassafe masunta na tura jirage, balbela na bin shanu a gaɓa, kirinjijiya na tashi garke guda. Tun 2006 Nijar ta sa tabkin da gandun dajin da kaburburan waliyyai 99 a jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya. Amma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Daga gaɓa ruwan siriri yake zama kamar an ja layi. Mita huɗu ko biyar kacal za ka hau ka ga faɗinsa. A nan kam hawa don kallo yana da hujja, domin ba tsakar gidan kowa a cikin ruwa.

Hatsarin shi ne kwaikwayo. Na ga wuraren shaƙatawa da dama a biranenmu inda aka kafa ƴar rumfar siminti da rufin kwano, aka shafe ta da fenti, ba a bar mata itace ko ɗaya kusa ba. Ƙarfe goma na safe ta zama tanda, bayan shekara biyu awaki ne masu ita. Baradari bai yi suna don tsayinsa ba. An san ta inda iska ke zuwa, an sa ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa. Yaron gona ma ya san wannan, shi da ya san gefen da zai juya zanarsa.

Sai kuma su masu wurin. Mutane na zuwa Madarunfa ziyara, su tsaya a kan kabari su yi addu'a. Ba su zo don wani ya zauna a samansu yana shan lemo yana ɗaukar hoto ba. Duk hukuma ko ɗan kasuwar da ke da niyyar kafa wurin hange a bakin tabkin nan, ya fara zama da malamai da masunta da masu gonakin gaɓa su nuna masa gurbi. Ya nisanci kaburbura, ya ba gidajen mutane baya, ya yi rufin ciyawa, kuma kada ya sare kuka ko ɗaya don a ga ruwa.