Bencin Baya: Nazari Kan Horon Ikkilisiya a Arewa

A majami'u da yawa na Arewacin Nijeriya, musamman waɗanda suka tsiro daga aikin mishan irin su ECWA, COCIN da EYN, akwai al'adar da ake kira horo. Idan aka sami ɗan ikkilisiya da laifi, dattawa su zauna su yanke shawara, ran Lahadi a sanar a gaban jama'a cewa an sa wane a ƙarƙashin horo. Daga nan ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya riƙe muƙami. In ɗan ƙungiyar mawaƙa ne ya dakata da waƙa, in 'yar Zumuntar Mata ce ta ajiye zanen ƙungiya. A wasu wuraren har wurin zama ake ware masa can baya, sai ranar da aka karɓe shi.

Al'adar tana da tushe a Littafi Mai Tsarki, babu gardama. Sai dai tsarin da Matiyu 18 ya shimfiɗa hawa-hawa ne: ka sami ɗan'uwanka kai da shi kaɗai, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya sāke ƙi, sannan maganar ta kai ga ikkilisiya. Tonon asiri shi ne matakin ƙarshe, kuma ga mai taurin kai aka tanade shi. Bulus da ya umarci Korantiyawa su fitar da mutumin da ya zauna da matar ubansa, shi ne a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su yafe wa wani da suka hukunta, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya cinye shi.

To, wa ke zama a bencin baya? Duk wanda ya taso a coci ya san amsar. Galibi yarinyar da ta yi ciki ba aure ce, domin nata laifin ba ya ɓoyuwa a cikin zane. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa ya musanta, ko ya sauya gari. Mai cin hakkin ma'aikatansa, mai raba gidaje da tsegumi, mai hannu a baitulmalin gwamnati da ke kawo baiko mai kauri, da wuya ka ji an kira sunansu. Abin mamaki, wannan son kai ɗin ne Yohanna 8 ya tona. Littafin Firistoci 20:10 ya ɗora hukuncin zina a kan namiji da mace duka, amma mace kaɗai aka jawo gaban Yesu. Bai ce ba ta yi laifi ba, har ya gargaɗe ta kada ta ƙara, amma sai da ya fara sa masu ƙarar suka dubi kansu.

Gardama kan yadda ikkilisiya za ta yi da masu laifi ma tsohuwa ce. Bayan tsanantawar da Sarki Diyokletiyan ya fara a 303, Kiristocin Arewacin Afirka suka rabu kan shugabannin da suka miƙa littattafai masu tsarki don tsoro. Ɓangare ɗaya, mabiya Donatus, suka ce ikkilisiya ta tsarkaka ce zalla. Agustin, bishop na Hippo, ya ce alkama da zawan tare suke girma har ranar girbi, kuma taron Kartaj na 411 ya ba ɓangarensa gaskiya.

Masu kāre horo suna cewa in an sassauta, tarbiyya za ta lalace, kuma maƙwabta za su raina ikkilisiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18 ya nuna wani haɗarin da ya fi wannan: mutum ya tsaya a gaban Allah yana auna tsarkinsa da faɗuwar wani. Bencin baya yakan koya wa na bencin gaba wannan hali ba tare da sun sani ba.

Ba na kira a soke horo. Ina kira ga dattawa da fastoci su bi matakan yadda aka jera su, su daina sanar da sunan wanda ya riga ya tuba, su nemo namijin kamar yadda suka nemo macen, su kuma sa wani ya riƙa ziyartar wanda ke ƙarƙashin horo har ranar karɓarsa.