Ladabi Ba Tare da Amana Ba: Nazari a Kan Jigon Wasan King Lear

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1974 A.H.M. Kirk-Greene ya jero siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe, waɗanda suka haɗa da gaskiya da amana da kunya da ladabi. Wannan takarda za ta ɗora wasan King Lear na Shakespeare, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1608, bisa wannan ma'auni. Manufar ita ce a nuna cewa idan aka raba ladabi da gaskiya da amana, sai ya zama makamin mai son kai.

2.0 Warwarar Jigo

Tun a fitowa ta farko son zuciya ya bayyana, kuma daga Sarki Lear kansa ya faro. Ya so ya sauke nauyin mulki amma ya riƙe suna da martabar sarauta, sannan ya mayar da rabon ƙasa gasar yabo tsakanin 'ya'yansa mata uku. Goneril da Regan suka zuba masa kalamai masu daɗi, suka sami rabo. Cordelia ta faɗi iyakar abin da ke zuciyarta, aka hana ta gado. Kent da ya tsawata wa sarki aka kore shi daga ƙasar. Ke nan, a fadar Lear an ɗauki daɗin baki a matsayin biyayya, gaskiya kuwa a matsayin rashin kunya.

Bayan mulki ya shiga hannu, 'ya'yan biyu ba su yar da lafazin girmamawa ba. Cikin sigar nasiha ga dattijo suka yi ta rage dogaransa ɗari, daga hamsin zuwa ashirin da biyar, har suka ce ba ya bukatar ko ɗaya. Ƙarshenta aka rufe ƙofa, aka bar shi a waje cikin hadari.

Wannan jigo ya fi fitowa fili a labarin Gloucester, bafaden da ya taimaki Lear a ɓoye. Ɗansa Edmund ne ya tona masa asiri domin ya gaji sarautarsa. Kafin a ƙwaƙule wa Gloucester idanu, Cornwall, mijin Regan, ya sallami Edmund bisa hujjar cewa bai dace ɗa ya ga abin da za a yi wa mahaifinsa ba. An yi wa maci amana kara, alhali wanda za a azabtar shi ne mai masaukinsu. Wanda ya yi yunƙurin hana wannan ta'asa da takobi kuwa wani bara ne da ko suna ba a ba shi ba, kuma a kan haka ya rasa ransa.

3.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa masu kiyaye lafazi su ne maciya amana, masu kaushin harshe kuma su ne masu riƙon ta. Amana ta ci Goneril da Regan da Edmund, amma Cordelia ma ba ta tsira ba. Nahum Tate ya sauya ƙarshen wasan a 1681 ya bar ta da rai, sai dai yin haka ya raunana saƙon. Abin da Shakespeare ya nuna shi ne, al'ummar da ta fifita ladabin baki a kan gaskiya, ɓarnar da za ta biyo baya ba za ta tsaya a kan masu laifi kaɗai ba.