Hoton takarda ba ajiya ba ne

A shekarar 1086 aka rubuta kundin ƙidayar filayen Ingila a kan fata, har yau kuma ana karanta shi. A 1986 gidan BBC ya yi irinsa a kan faifan lesa. Ba a kai shekara ashirin ba na'urorin buɗe faifan suka yi wuyar samu, sai da masana suka yi aikin ceto. Irin wannan matsala ce binciken InterPARES ya tunkara tun 1999, ƙarƙashin jagorancin Luciana Duranti ta jami'ar British Columbia a Kanada.

Binciken ya cancanci yabo a kan abu guda: ya nuna cewa rubutun kwamfuta ba a ajiye shi kamar yadda ake ajiye littafi a adaka. Abin da ake tsarewa shi ne ikon sake fito da shi, tare da shaidar wanda ya yi shi, da ranar, da hannun da ya bi. In babu wannan shaida, hoton takarda zance ne kawai.

Sai dai an ɗinka rigar ne da awon ofisoshin da wuta ba ta ɗaukewa. Mai karatu a Dakoro zai tuna da hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, masu rajistar takardun sayar da gona, da kyauta, da aro, da jingina, masu kuma shata burtali a yankin da manomi da makiyayi ke gogayya, wajen kwarin Tarka. A ce an ɗauki hoton waɗannan takardu cikin kwamfutar wani shirin tallafi, shirin ya ƙare, ma'aikacin da ya san kalmar sirri ya sami canjin wuri. Ran da magada suka tsaya gaban alƙali, wa zai rantse cewa ba a taɓa iyakar gonar ba? Gara tana cin takarda sannu a hankali, kowa na gani. Faifai kuwa zafi da ƙura na kashe shi dare ɗaya, ba ko sallama.

Ƙa'idojin binciken suna da amfani a nan, amma da sharaɗi: asalin takarda mai hatimi ya zauna inda yake, kwafi ya tafi Maraɗi, wani Yamai, a kuma sa kuɗin sabunta na'ura cikin kasafin kowace shekara.