Kayan Miya a Kwalba Har Shekara Guda: Inda Bidiyoyin Adana Tumatir Suka Yi Kuskure

Daga Janairu zuwa Maris, idan tumatirin rani na Kadawa da Kura da Ɗanja ya cika kasuwa, kwando yakan yi arha har manomi ya rasa yadda zai yi da shi. Damina na sauka kuma sai farashi ya tashi, uwargida ta koma lissafa tumatir ɗai-ɗai. To ba abin mamaki ba ne da kuke ganin Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp sun cika da bidiyoyin da ke koya muku yadda za ku adana kayan miya a kwalba har shekara guda, ba firiji ba wuta.

Kusan duk tsarinsu ɗaya ne. A haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a markaɗa, a dafa har ruwan ya tsane, a ɗura a kwalaben mayonis da aka wanke, wasu su tsiyaya man gyaɗa a sama, a rufe, a jera kwalaben a tukunya a tafasa na ɗan lokaci. Daga ƙarshe sai a ɗauko wata kwalba da aka ce ta yi wata takwas, a buɗe a gaban kyamara, a shinshina, a lakata a kai baki, a ce kun gani, kamar yau aka yi shi.

Niyyar masu bidiyoyin nan mai kyau ce, matsalar da suke son magancewa kuma ta gaskiya ce. Amma hanyar da mafi yawansu ke koyarwa ta tsallake abu ɗaya da duk ilimin adana abinci a kwalba ya doru a kai, wato tsami. Gwajin da suke nuna muku a ƙarshe kuma, na ido da hanci da harshe, ba ya iya gano haɗarin da ya fi kowanne muni.

Abin da suka yi daidai

Tafasa abinci a cikin rufaffiyar kwalba dabara ce mai asali. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya wallafa ta a 1810, gwamnatin Faransa ta ba shi ladan faran 12,000. Zafi yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, murfi kuma yana hana sababbi shiga. Shi ya sa kayan miyan ba ya yin fumfuna, ba ya kumfa, launinsa na nan ja.

Sai dai shi kansa Appert bai san dalilin da ya sa dabarar ke aiki ba, sai bayan shekaru da dama Louis Pasteur ya bayyana rawar ƙananan halittu. Har bayan nan ma mutane sun ci gaba da mutuwa daga abincin gwangwani da ya yi kyau a ido. A 1919 zaitun na kamfani ya kashe mutane a wasu jihohin Amurka, wannan ne ya sa aka zauna aka auna zafi da lokacin da ake bukata, har masu bincike biyu, Esty da Meyer, suka fitar da sakamakonsu a 1922. Bidiyoyinmu na yau sun tsaya a ilimin 1810, sun bar abin da aka gano daga baya da tsadar rayuka.

Ƙwayar da tafasa ba ta kashewa

Akwai wata bakteriya mai suna Clostridium botulinum da ke zaune a cikin ƙasa kusan ko'ina a duniya, don haka tana iya zuwa da ƙurar da ke jikin tumatir ko albasa. Idan yanayi bai yi mata ba, takan dunƙule ta shiga wani sulke mai tauri ta yi barci, kamar yadda gaiwa ke shigewa cikin laka da rani ta jira ruwa. A cikin sulken nan tana iya jure ruwa mai tafasa na sa'o'i. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya kuwa ba ya wuce digiri 100, ko da kun ƙone buhun gawayi a ƙarƙashinsa. Kamfanonin gwangwani suna kai abinci digiri 121 a ƙarƙashin matsin tururi kafin su tabbatar sun gama da ita.

Muddin tana barci ba ta cutar da babba. Abu huɗu take jira ta farka: wuri marar iska, danshi, ɗumi, da abinci marar tsami sosai. Yanzu ku dubi kwalbar da bidiyon ya koya muku. Tafasa ta kori iska, murfi ya toshe, man da aka zuba a sama ya ƙara toshewa. Danshi na nan. An ajiye ta a sito cikin zafin Afrilu. An kuma kashe sauran ƙwayoyin da da za su yi gasa da ita. Abu uku sun cika, tsami kaɗai ya rage ya tsare ku.

Idan ta farka ta hayayyafa, tana fitar da guba mai kama jijiyoyi, wadda take cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani. Sau da yawa gubar ba ta sauya launi ko wari ko ɗanɗanon abinci. Kun ga ke nan lakatar da ake yi a gaban kyamara ba hujja ba ce, ita ce ma mataki mafi haɗari a duk bidiyon.

Layin 4.6

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH. Ƙaramar lamba na nufin tsami mai yawa, kuma tazarar lamba ɗaya na nufin ninki goma. Wannan bakteriya ba ta iya girma idan pH ya yi ƙasa da 4.6. Abincin da ke ƙasa da layin, tafasa a ruwa ta isar masa. Wanda ke sama da layin, sai tukunyar matsin tururi ta musamman da ke kai zafi digiri 116 ko fiye.

Tumatir a bakin layin yake zaune. Wani yana ƙasa, wani yana haurawa, ya danganta da iri da nuna. Wanda ya nuna ya wuce, ko ya fashe, ko ya fara ruɓa, tsaminsa ya ragu, kuma ai irinsa ne ya fi yawa a kwandon da aka samu da arha. Albasa kuwa pH ɗinta ya haura 5, tattasai da attaruhu ma suna sama da layin. Kada yajin attaruhu ya ruɗe ku, zafi a harshe daban, tsami daban. Duk sanda kuka ƙara albasa da tattasai don miya ta yi daɗi, kuna tura haɗin ne zuwa ɓangaren da ƙwayar ke so. A nan babban kuskuren bidiyoyin yake: sun ɗauki hanyar da ta dace da tumatir zalla mai ƙarin tsami, sun ɗora ta a kan cikakken kayan miya, ba awo ba gwaji.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1977, a garin Pontiac na jihar Mishigan a Amurka, mutum 59 sun kamu bayan sun ci miyar yaji da aka yi da barkonon da aka adana a kwalba a gida. A 1985 a Bankuba ta Kanada, yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye a cikin mai ta kwantar da mutum fiye da 30, wanda ya kamata masu zuba man gyaɗa a sama su yi tunani a kai. A 2015 a jihar Ohayo, mutum 29 sun kamu a wajen wata liyafa, dalili kuwa dankalin Turawa ne da aka adana ta hanyar tafasa kwalba a ruwa kawai, daidai yadda ake nuna muku.

“Ai mun daɗe muna yi, ba abin da ya faru”

Wannan ita ce amsar da za ku fi ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Cutar ba ta da yawa, ba kowace kwalba ce ke ɗauke da ƙwayar ba, wani haɗin kuma yakan dace ya faɗa ƙasa da layin. Sannan yadda muke girki yana kare mu ba tare da mun sani ba. Sulken ƙwayar yana jure zafi, amma ita gubar ba ta jurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin da ya haura digiri 85 na minti 5 yana lalata ta. Miyar da ta daɗe tana tafasa a kan wuta ta wuce wannan.

To amma wannan kariya ce ta sa'a, ba wanda ya tsara ta, bidiyoyin kuma ba sa ambatonta. Tana rushewa ranar da aka ɗanɗana don a ji ko ya lalace, ko yaro ya sa yatsa a kwalba, ko aka ɗan ɗumama cokali biyu a gurguje aka zuba a kan taliya. Kwalba ɗari da suka wuce lafiya ba su ce komai ba game da ta ɗari da ɗaya.

Haka nan shawarar da ake bayarwa cewa idan fumfuna ta fito a sama a kwashe a yi amfani da na ƙasa, kuskure ce. Fumfuna tana cinye tsamin tumatir, ta ɗaga pH ɗin wurin, ta share wa bakteriyar hanya. Su ma masu zuba hodar adana abinci irin ta lemon kwalba, wato sodiyam benzowet, su sani tana aiki ne a abinci mai tsami kawai, ba ta maye gurbin tsamin.

Alamomin cutar sukan bayyana cikin sa'a 12 zuwa 36. Gani ya dushe ko ya rabu biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, haɗiya da magana su yi wuya, sannan kasala ta gangaro daga kai zuwa hannuwa da ƙirji har numfashi ya gagara. Galibi babu zazzaɓi, mutum kuma yana cikin hayyacinsa, shi ya sa ake iya ɗauka shanyewar jiki ce ko wani abu daban a tsaya maganin gida. Idan kun ga haka, musamman ga mutum biyu da suka ci abinci ɗaya, a garzaya babban asibiti, a gaya wa likita abin da aka ci, a tafi da kwalbar. Maganin gubar yana tsayar da ita ne kawai, ba ya gyara jijiyar da ta riga ta kamu, wasu marasa lafiya sukan yi makonni a kan na'urar numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 5 zuwa 10 cikin 100 da suka kamu suna mutuwa.

Yadda bidiyo mai kyau ya kamata ya koyar

Tumatir zalla za a sa a kwalba, lafiyayye, ba fasasshe ba. Albasa da tattasai da attaruhu da mai su jira ranar girki. A ka'idar Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda aka gwada a ɗakin bincike, kowace kwalba mai kusan rabin lita tana bukatar kwatan ƙaramin cokali na hodar sitirik asid, ko babban cokali 1 na ruwan lemon tsami na kwalba, ko babban cokali 2 na khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Sun zaɓi na kwalba ne saboda tsaminsa a aune yake, na ɗanyen lemo kuwa yana bambanta.

Ruwa ya rufe kwalaben gaba ɗaya, lissafin lokaci kuma ya fara daga sanda ya tafasa sosai. Minti 35 ne ga rabin lita a wuri mai daidai da teku. Amma ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi a kan tudu. A Kano, mai tsayin kusan mita 480, yana tafasa a wajen digiri 98, sai a yi minti 40. A Jos, mai kusan mita 1,200, a wajen digiri 96 yake tafasa, sai a yi minti 45. Bidiyon da ya ba kowa lokaci ɗaya daga Legas har Filato bai yi wannan lissafin ba.

Murfi ma abin dubawa ne. Robar da ke cikin murfin kwalbar mayonis an yi ta ne don rufi ɗaya, tana saki idan an maimaita. Bayan kwalba ta huce, tsakiyar murfin ya lotsa ciki. Wadda ba ta kama ba a yi miya da ita a ranar. A rubuta kwanan wata a jiki, a cinye cikin shekara. Ranar buɗewa a tafasa abin da ke ciki minti 10 kafin kowa ya kai baki. Wadda murfinta ya kumbura, ko take yoyo, ko ta feso da aka buɗe, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba, kuma kada a ba kaji ko awaki, su ma gubar tana kama su.

Tattasai da attaruhu kuwa, hanyar iyayenmu ta fi ta bidiyo aminci. Ƙwayar nan ba ta girma a busasshen abu, shi ya sa kauɗar tumatir da busasshen barkono da busasshiyar kuɓewa ba sa cikin wannan haɗarin. Gyaran da shanya ke bukata shi ne a ɗauke ta daga gefen titi zuwa kan gado mai tsafta da raga a sama, a bari ta bushe ƙarau kafin a ƙulle, don gudun fumfuna.

Masu ɗura kayan miya a kwalba suna sayarwa, nauyinku ya fi na kowa, domin ba ku san yadda mai saye zai yi amfani da shi ba. Na'urar auna pH da rajistar NAFDAC su ne matakin farko kafin kwalba ta bar gidanku. Ku kuma masu kallo, duk bidiyon da aka turo muku, ku nemi abu uku a ciki: an ware tumatir daga albasa da tattasai, an auna tsamin da aka ƙara, an faɗi minti nawa kuma don wane gari. Idan babu su, kada ku bi, kada kuma ku tura wa wani zaure.