Katako, Fenti da Dala 200: Bitar Littafin Geddy Lee Kan Jitar Bes

A watan Disamba na 2018 kamfanin Harper Design ya fitar da wani littafi da ba a karanta shi a kishingiɗe, sai an ɗora shi a tebur an buɗe da hannu biyu. Sunansa Geddy Lee's Big Beautiful Book of Bass. Yana da shafi sama da 400, kuma cike yake da hotunan jitar bes kusan 250, wato jitar nan mai dogon wuya da kauraran tsirkiyoyi huɗu, wadda ke fitar da muryar ƙasa a kiɗan zamani. Duk jitocin na mutum ɗaya ne, Geddy Lee, mawaƙi kuma makaɗin bes na ƙungiyar Rush ta birnin Toronto a Kanada, wanda ya shafe fiye da shekara 40 yana wannan sana'a kafin ƙungiyar ta yi rangadin R40 a 2015. Richard Sibbald ne ya ɗauki hotunan, Daniel Richler ya taya Lee rubutu, abokin Lee na ƙuruciya kuma makaɗin jitar Rush, Alex Lifeson, ya rubuta ɗaya daga cikin gabatarwar.

Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka wani attajiri ne ya baje kolin dukiyarsa don a gani a yaba. Akwai ƙamshin hakan, ba a musu. Lee mutum ne mai cutar tara kaya: ya tara ƙwallayen wasan besbol masu sa hannun 'yan wasa, ya tara agoguna, ya tara giyar inabi. Sai dai abin da ya fitar da littafin daga sahun kundin tallar kaya shi ne mai tarawar makaɗi ne, kuma ya shigo harkar a makare. Shekaru da dama jita a wurinsa kayan aiki ce kawai, wadda ta ba shi sautin da yake so ya riƙe, saura ko oho. Da ya fara saye, burinsa bai wuce ya mallaki irin waɗanda gwanayensa suka kaɗa ba: Gibson EB-3 irin ta Jack Bruce na Cream, Höfner irin ta Paul McCartney na Beatles, da makamantansu. Daga nan abu ya ƙi tsayawa. Saboda haka rubutun yana ɗauke da zumuɗin ɗalibin da ya gano fanni bayan ya yi furfura, yana ta mamakin abin da ya kwana da shi shekara da shekaru bai kula ba.

Kaso mafi tsoka na Fender ne, kuma ya cancanta. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Fullerton ta jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fitar da Precision Bass domin ya sauwaƙa wa makaɗan da ke fama da ƙaton bes na tsaye, wanda ya kai tsawon mutum, ga wahalar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahoni suna danne muryarsa. Ba shi ya fara tunanin ba, domin Paul Tutmarc ya ƙera bes mai lantarki a Seattle tun shekarun 1930, amma nasa bai karɓu ba. Abin da Fender ya kawo dabarar masana'anta ce. A yanko falankin katako a yi gangar jiki, a sassaƙa wuya daban, a haɗa su da sukurori huɗu. In wuya ya karkace, a kwance a sa wani. Ba sassaƙar ado, ba manne-manne da gam irin na masu ƙera goge na Turai. A 1960 ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya da maganaɗisun ɗaukar sauti guda biyu, wadda muryarta ta fi kaifi.

A nan hotunan Sibbald suka yi aikin da rubutu ba zai iya ba. Ya matso da kyamara har ana ganin inda gumin hannu ya cinye fenti, inda kan bel ya ƙwarzane bayan jita, da tsatsar da ta kama sukurori. Mai karatu yana iya jera Jazz Bass ta farkon shekarun 1960 da ta bayan 1966 ya ga canjin da idonsa: maɓallan murɗa sauti da suke a ɗore biyu-biyu sun koma uku a jere, ɗige-ɗigen da ke kan wuya sun zama manyan murabba'ai, an yi wa gefen wuyan dajiya. Wanda ya saba sayen kayan hannu zai gane amfanin wannan nan take, domin da irin waɗannan ƙananan alamu ake gane ko abin da dillali ya miƙo na shekarar da ya ce ne, ko kuwa an yi masa haɗe-haɗe.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a littafin wani saɓani ne da ke zaune a tsakiyarsa. Masu tara jita suna da wata aƙida da suka riƙe kamar farilla: duk Fender ɗin kirki an ƙera ta kafin Janairun 1965, lokacin da kamfanin CBS ya saye masana'antar a kan dala miliyan 13. Bayan nan, a cewarsu, sai aka koma neman yawa, fenti ya yi kauri, katako ya yi nauyi, haɗin wuya ya fara sakwarkwacewa. Akwai gaskiya a ciki, musamman idan aka nutsa cikin shekarun 1970. Amma jitar da Geddy Lee ya fi ji da ita a duniya, wadda aka ji a waƙar Tom Sawyer ta faifan Moving Pictures na 1981, baƙar Jazz Bass ce ta 1972, wato 'yar tsakiyar zamanin da ake rainawa. A shagon jingina ya tsince ta a Kalamazoo ta jihar Michigan, a kan dala 200. Ya sayo wasu na wannan shekarar yana neman wadda za ta yi irin muryarta, abin ya ba shi wuya. Ma'aikata ɗaya, zane ɗaya, shekara ɗaya, amma kowace da bakinta. Tun 1998 kamfanin Fender yake sayar da kwafin wannan jita da sunansa, masu saye suna biyan ninkin baninkin abin da ya biya.

Da Lee ya so kare darajar kayan da ya zuba wa kuɗi, da ya rufe wannan labari ko ya sassauta shi. Bai yi ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa na yarda da shi a sauran wurare. Duk wanda ya karanta da lura zai fito da fahimtar cewa abubuwa uku ne da ake yawan cakuɗa su: ingancin ƙira, daɗin sauti, da farashi. Wani lokaci sukan haɗu a jita ɗaya, sau da yawa kuma kowanne hanyarsa daban.

Batun fenti ya isa misali. A shekarun 1960 Fender yana karɓar odar launi na musamman a kan ɗan ƙarin kuɗi, yana amfani da fentin motoci na kamfanin DuPont: ja mai ƙyalli, shuɗi, kore mai haske, ruwan hoda. Mutane kaɗan ne suka yi odar, shi ya sa yau suke wuyar samu, farashinsu kuma ya ninka na 'yan uwansu masu launin da aka saba. Kunne ba ya jin launi. Abin ya yi kama da cinikin dawaki, inda kili ko akawal mai sheƙi kan ɗara wani kuɗi ba don ya fi shi gudu ba. Lee ya faɗa wannan tarko da ƙafa biyu, ya kuma san ya faɗa, shafuka bayan shafuka na launuka a jere. Suna da kyau ƙwarai. Amma a nan ne littafin ya fi yin nisa da makaɗin da ke neman abin da zai hau dandamali da shi gobe.

Suna ma yana yin abin da fenti ke yi, har ya fi. A 2020 an yi gwanjon Fender Mustang ta Bill Wyman na Rolling Stones a kan dala 384,000, alhali Mustang gajeriyar jita ce da aka ƙera domin masu koyo da masu ƙananan hannu. A 2021 Yamaha BB-1200 ta McCartney ta kai dala 496,100. Shi kuwa McCartney ɗin, Höfner ɗinsa ta farko a Hamburg ya saye ta a 1961 a kan kimanin fam 30, saboda kuɗinsa bai kai na Fender ba, kuma siffarta ba ta nuna bambanci idan bahago irinsa ya juya ta. Waɗannan gwanjon sun zo bayan fitowar littafin, amma duk wanda ya karanta shi ba zai yi mamakinsu ba.

Babin Rickenbacker na masoya Rush ne, tunda da samfurin 4001 Lee ya yi suna a shekarun 1970, yana bin sawun Chris Squire na ƙungiyar Yes. Ƙirarta kishiyar ta Fender ce: katakon wuya ya ratsa gangar jiki tun daga sama har ƙasa, babu batun kwancewa, muryarta kuma tana da ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Gibson Thunderbird ta 1963, wadda mai zanen motoci Ray Dietrich ya tsara, ta fi kowa kwarjini a hoto, ta kuma yi ƙaurin suna wajen karyewar kai idan ta faɗi. Amma shafukan da na fi komawa gare su na 'yan ba-ni-na-iya ne da kasuwa ba ta yi da su ba: jitocin Wandré na Italiya masu wuyan alminiyam da siffofi kamar an zana su cikin mafarki, da na Dan Armstrong masu jikin roba garai-garai ana hango wayoyin ciki, da na Tony Zemaitis na Landan masu fuskar ƙarfe da aka yi wa zanen hannu. Waɗannan suna nuna cewa akwai lokacin da ba a gama yanke hukuncin yadda jitar bes za ta kasance ba, kowa yana gwada tasa.

Hirarrakin da ke ciki suna da daɗi saboda makaɗi ne ke tambayar makaɗi, ba a ɓata lokaci kan tambayoyin 'yan jarida. Ya zauna da John Paul Jones na Led Zeppelin, da Adam Clayton na U2, da Robert Trujillo na Metallica, da Les Claypool, da Bob Daisley, da Jeff Tweedy, da Bill Wyman, wanda tun farkon shekarun 1960 ya ɓamɓare ƙarafan da ke gindaye a wuyan wata jita mai araha ya ci gaba da kaɗa ta a haka. Ya kuma ba masu gyara haƙƙinsu, irin su Alan Rogan da ya daɗe yana kula da jitocin Pete Townshend, da nasa mai gyaran, John McIntosh. Wannan ya burge ni, domin su ne suka san cikin kayan.

To amma a duba jerin sunayen da kyau. Duk maza ne, duk Turawa ko mutanen duniyar kiɗan rok. Mutum yana da ikon gayyatar abokansa cikin littafinsa, sai dai sunan da ke bangon ya yi alkawarin da ya fi haka faɗi. Muryar jitar bes da duniya ta sani ba a rok kaɗai aka gina ta ba. James Jamerson ya gina ta a ɗakin ɗaukar sauti na Motown a Detroit da Precision ta 1962, wadda ba ya ko son canza mata tsirkiya. Shi ya rasu tun 1983, amma a 2018 Carol Kaye tana raye, matar da ta kaɗa a dubban faya-fayai a Los Angeles. A lokacin Bootsy Collins yana raye, Larry Graham da ya ƙirƙiro salon marin tsirkiya da babban yatsa yana raye, Aston Barrett da ya riƙe ƙashin bayan kiɗan Bob Marley yana raye. Abin ya fi ba ni mamaki daga mutumin da ya kyautar da ɗaruruwan ƙwallaye masu sa hannu ga gidan tarihin 'yan besbol baƙar fata da ke Kansas City, wanda ke nuna ya san darajar tarihin da aka tura gefe.

Mai karatu daga nahiyarmu zai ƙara jin wannan giɓi. Kamaru kaɗai ta fitar da Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco, kuma Bona ya koma bes ne bayan ya saurari faifan Jaco Pastorius, mai Jazz Bass ɗin nan da aka cire wa ƙarafan wuya. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu shi ya yi kiɗan bes da ya riƙe faifan Graceland na Paul Simon a 1986, da jitar Washburn wadda masu tara kaya ba sa ko waiwaya. Hira ɗaya da ɗaya daga cikinsu da ta ƙarfafa hujjar da jitar Kalamazoo ta riga ta kafa.

Akwai kuma naƙasun da takarda ba ta da maganinsa. A nan gani ya kori ji da gaske: jita 250 a gabanka, babu wadda za ka ji. Lee yana ƙoƙarin siffanta sauti da kalmomi, wani lokaci ya dace, wani lokaci sai ka ga dole ka ajiye littafin ka nemo faifan. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, domin karatun ya fi armashi idan ana yi ana saurare, a buɗe babin Gibson a sa kiɗan Cream, a buɗe na Höfner a sa na Beatles.

Farashinsa na fitowa dala 75 ne, kuɗin da a wurare da yawa zai kai matashi rabin hanyar sayen jitar koyo ta hannu. In zaɓi ne tsakanin biyun, ya sayi jitar. Littafin ya fi dacewa da ɗakin karatu na makarantar kiɗa, ko shagon mai gyara, ko situdiyo inda mutum goma za su riƙa buɗa shi bi da bi. Wanda ya zauna da shi sati guda zai san inda ake duba wuya ko ya lanƙwashe, yadda ake gane fentin da aka sake, da dalilin da ya sa ake kwance wuyan tsohuwar Fender a karanta kwanan watan da ke gindinsa kafin a fara maganar kuɗi.