Ƙaho na Gado, Suna na Zaɓi: Jinin Shaiɗanu a Wasan Labari na Kan Tebur

A littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons da ya fito a 2014 akwai jerin sunayen da aka ba mai wasa shawarar ya raɗa wa jaruminsa idan ya zaɓi wani jinsi da ake kira tiefling, wanda za mu rubuta tiflin. Wasu sunayen suna da daɗin ji, ma'anarsu Fata, Ɗaukaka, Waƙa, Girmamawa. Wasu kuwa sai mutum ya sake dubawa: Baƙin Ciki, Tsoro, Azaba, Gajiyayye, Mushe. Akwai ma wanda ma'anarsa Babu-Ko'ina. Littafin ya ce ba iyaye ke raɗa waɗannan ba, matashin tiflin ne ke zaɓar wa kansa, sannan ya yi ƙoƙarin rayuwa daidai da sunan.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Mutane kaɗan ne ke zagaye tebur, ɗaya ya zama mai jan labari, shi ne bakin duniya da duk wanda ke cikinta, sauran kuma kowa ya riƙe jarumi guda da aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kwarjininsa da lambobi a takarda. Idan jarumi ya yi yunƙurin abin da zai iya ci ko ya faɗi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Tiflin kuwa mutum ne da ke da ɗigon jinin shaiɗanu a can baya cikin zuri'arsa. Ba ɗan shaiɗan ba ne kai tsaye, wannan kambiyon ake ce masa a wasan, irin abin da tatsuniyar Birtaniya ta faɗa game da boka Merlin. Tiflin jika ne ko tattaɓa-kunne, ko ma wanda ya fi haka nisa. Bai ga yarjejeniyar ba, bai sa hannu ba, amma ga ƙaho a goshinsa.

Haihuwar wannan jinsi tana da ban mamaki. A shekarun 1980 an yi ta yi wa wasan yarfe a Amurka cewa yana koya wa yara bautar shaiɗan. Wata mata, Patricia Pulling, har ƙungiya ta kafa don yaƙarsa. Kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya ji tsoro, da ya fitar da bugu na biyu a 1989 sai ya share kalmomin da ke nufin shaiɗanu, daga baya ya dawo da halittun da sababbin sunaye, baatezu da tanar'ri, waɗanda babu limamin coci da zai gane su. Bayan shekara biyar kacal, a 1994, David Cook ya fitar da duniyar Planescape, inda aka miƙa wa mai wasa jikan waɗannan halittu aka ce ga jaruminka.

Tiflin na farkon nan bai san asalinsa ba, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa yake. Babu kama ɗaya. Wani yana da wutsiya ba ƙaho, wani ƙafar akuya, wani ba shi da wata alama sai inuwarsa da ba ta nan ko warin toka da ke binsa. Littafin The Planewalker's Handbook na 1996 ya kawo jadawali da ake jefa ƙwaya a kai don a ga irin alamar da za ta fito, wato gadon ma caca ne, kamar yadda yake a rayuwa. Zanen Tony DiTerlizzi ya nuna su a matsayin 'yan kwararo na birnin Sigil na Planescape, sirara, masu kallon gefen ido. Annah ta wasan kwamfuta Planescape: Torment na 1999 irinsu ce: in ba don wutsiyarta ba, ba za ka ce ba 'yar mutane ba ce, kuma sunanta na mutane ne. Wanda bai san kakansa ba ai ba shi da sunan zuri'a da zai ɗauka.

Bugu na huɗu, a 2008, ya sauya komai. An shigar da tiflin cikin babban littafin 'yan wasa, aka kuma ba su tarihi guda: manyan gidajen wata daula, Bael Turath, sun ƙulla alkawari da shaiɗanu don mulkinsu ya ɗore, daular ta rushe a yaƙinta da Arkhosia, alamar kuma ta zauna a jikin zuri'arsu. Daga nan kowane tiflin ya zama mai manyan ƙahoni da wutsiya mai kauri da fata mai ja. Da suka zama al'umma mai tarihi, sai suka samu sunayen gado. Bugu na biyar, wato na 2014, ya riƙe wannan fasali, ya ɗaure asalin ga Asmodeus, sarkin Gidajen Wuta Tara, ya kuma kasa sunayensu gida uku.

Kashi na farko sunan mutanen da aka haife ka a cikinsu. Misali mafi kyau yana cikin littattafan Erin M. Evans da suka fara da Brimstone Angels a 2011, inda tagwaye Farideh da Havilar suka tashi a hannun Mehen, wanda ɗan jinsin diragon ne. Abin da ya burge ni shi ne, in ka buɗe littafin 2014, ba a jerin sunayen tiflin za ka ga Farideh da Havilar ba, a jerin matan jinsin diragon suke. Sunan ya bi wanda ya yi reno, bai bi jini ba.

Kashi na biyu sunayen harshen Wuta ne, irin su Akmenos, Damakos, Mordai, Kallista, Makaria, Nemeia. Kunne yana jin ƙamshin Girkanci a yawancinsu, kuma ba na jin an yi haka da ka. A ganina marubutan sun so sunan ya yi amon tsohuwar daula, don mai ɗauke da shi ya zama kamar ɗan sarautar da ta faɗi, yana yawo da sunan gidan da yanzu kango ne. Wanda ya riƙe irin wannan suna yana cewa ne bai ji kunyar inda ya fito ba.

Kashi na uku shi ne wanda muka fara da shi. Tushensa a duniyar gaske ba ɓoyayye ba ne: 'yan ɗariƙar Furitan na Ingila a ƙarni na 17 sun riƙa raɗa wa 'ya'yansu sunayen kyawawan halaye, har ma da jimloli cikakku, kuma majalisar dokokin 1653 ta samu laƙabinta ne daga wani ɗan majalisa da sunansa ke nufin Yabi-Allah Barebone. Sai dai wasan ya juya al'adar ta fuska biyu. Furitan uba ne ke zaɓa, a nan mai sunan ne. Furitan alheri yake fata, a nan ana iya zaɓar muni. Bahaushe ba zai yi mamakin mummunan suna ba, tunda mun san Ajuji, sunan da ake ba ɗan mai wabi don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Amma Ajuji kariya ce da masu ƙauna suka yi. Tiflin da ya kira kansa Mushe ya karɓi zagin gari ne ya rataya a wuya tun kafin a jefe shi da shi. Wanda ya kira kansa Fata kuma musu yake yi da garin, yana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duka biyun amsa ce ga wata magana da aka riga aka yi a kansu.

To, wace magana ce, kuma ina take a cikin dokokin wasa? Nan ne na ga tsarin yana ɗingishi.

Dubi takardar tiflin na 2014. Yana gani cikin duhu har ƙafa 60. Wuta rabin illa take yi masa. Tun daga matakin farko yana da ƙaramin sihiri na sa murya ta yi tsawa ko fitila ta kaɗa, a mataki na 3 yana iya mayar wa wanda ya cuce shi da martanin wuta, a mataki na 5 yana iya saukar da duhu. An ƙara masa maki 1 a basira, maki 2 a kwarjini. Nemi hasara ɗaya a cikin wannan gado, ba za ka samu ba. Labari ya ce ana tsarguwa da shi a kasuwa, ana kallonsa da wutsiyar ido, amma lambobi sun ce ya fi yawancin jama'a iya shawo kan mutum da magana.

Tarihin makin kwarjinin nan kaɗai ya isa nuna yadda marubutan suka yi ta kai-kawo. A 1994 an ƙara masa 1. A bugu na uku, farkon shekarun 2000, an rage masa 2, wato an mayar da ƙyamar jama'a lamba, aka ɗora ta a kan wanda ake ƙyama kamar naƙasarsa ce. A 2008 da 2014 an ƙara masa 2, don ya dace da aikin boka mai yarjejeniya da na mawaƙi. Kowane sauyi amsa ce daban ga tambaya guda: shin abin da mutane ke ji game da kai yana cikin jininka ne? Bugu na uku ya ce e, kuma ya yi kuskure. Waɗanda suka biyo baya sun gyara, amma sai suka bar nauyin gaba ɗaya a bakin mai jan labari. In ya manta ya sa mai masauki ya ce babu ɗaki, tiflin ya zama mutum mai ado kawai.

Hali ma haka. Littafin 2014 bai ce mugunta na cikin jininsu ba, ya ce dai da yawa can suke ƙarewa, ya bar mai karatu ya gane cewa wariya ce ke tura su. Wannan ya fi abin da aka daɗe ana faɗa kan jinsin ok da duro, waɗanda aka riƙa nunawa a matsayin miyagu tun daga haihuwa, har sai da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya fito a watan Yunin 2020 ya ce zai sake lale.

Kafin nan, Mordenkainen's Tome of Foes na 2018 ya bi wata hanya, ya raba gadon bisa manyan shaiɗanun Gidajen Wuta. Zuri'ar Zariel suna da ƙarfin jiki da sihirin sara, na Levistus sanyi da ƙanƙara, na Glasya ɓad da kama da ɓacewa, na Mammon sihirin ɗaukar kaya da kulle ƙofa, daidai da kakansu mai son dukiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, an mayar da karin maganar jadawali. Yana da daɗin wasa, amma ya kusa komawa ga abin da ake gudu, domin in kwaɗayin Mammon ya sauko a sihiri, me zai hana mai wasa ya ɗauka ya sauko a zuciya? Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo ya fi zurfafawa a nan. Littafinsa Blood of Fiends na 2012 ya kawo zuri'o'i goma, cikinsu har da waɗanda ake kira marasa uwa, don haihuwarsu kan ci ran mahaifiya. Wasan ya kuma ƙirƙiri ƙasar Cheliax, inda masu mulki ke hulɗa da shaiɗanu a fili amma suke tattake tiflin a matsayin abin kunya. Wannan munafunci ya fi duk wani jadawali faɗin gaskiya game da yadda wariya ke aiki.

Daga ƙarshen 2020, Tasha's Cauldron of Everything ya ba mai wasa damar ɗauke makin ya sa inda ya ga dama. Littafin 2024 ya cire shi daga jini ɗungurungum, ya mayar da shi ga sana'a da tarbiyyar jarumi. Abin da ya rage na gado zaɓi uku ne: na Rami mai jure dafi, na ƙasan duniya mai jure ruɓa da mutuwa, da na Wuta. Pathfinder kuwa a 2023 ya haɗe jikokin shaiɗanu da na mala'iku a ƙarƙashin suna ɗaya, nefilim. Ban ga laifin raba basira da jini ba, gyara ne da ya makara. Amma gadon da kai ka zaɓa daga jeri, ka zaɓi launinsa da girmansa, ya daina zama abin da ya same ka. Shi ya sa tiflin na yau ya fi yawa da shuɗi da shunayya da fara'a, musamman tun bayan da shirin Critical Role ya fito da Jester da Mollymauk a 2018. Jester ma sunan zaɓi ne, ma'anarsa wawan sarki, sunan yankanta Genevieve. Ta ɗauke shi ne don tana son sa mutane dariya, ba don ta rama wa kowa ba.

Wasan kwamfuta Baldur's Gate 3 na 2023 ne ya tuna da abin da tebura da yawa suka manta. Bai rage wa tiflin maki ba, ya sa nauyin a cikin duniya. Birnin Elturel ya faɗa Gidan Wuta na farko ya dawo, mutanen gari suka ɗora laifin a kan maƙwabtansu masu ƙaho, suka kore su. Mai wasa yana tarar da su sun fake a wani kurmi, shugabar wurin, Kagha, tana shirin rufe ƙofa ta watsa su waje, har tana razana wata yarinya, Arabella, da maciji saboda ta ɗauke gunki. Saurari sunayen waɗanda aka fi sani a cikinsu: Zevlor, Alfira, Dammon, Rolan, Mol. Babu Azaba, babu Fata. Waɗannan mutane ne masu iyaye da ƙanne da maƙwabta, maƙeri da mawaƙiya da ɗalibin sihiri, an yi musu suna a gida kamar kowa. Karlach ma, wadda aka sayar ga Zariel aka dasa mata inji a gurbin zuciya, tana riƙe da sunan gidansu, Cliffgate. Sunan zaɓi na wanda ba shi da mai raɗa masa ne, ko wanda ya jefar da wanda aka raɗa. Mai wasan da ya rubuta Baƙin Ciki a saman takardarsa ya riga ya ba mai jan labari aiki: a nemo wanda ya kamata ya yi masa suna, a kuma san inda ya tafi.